Ƙwarya Uku a Gaban Sarki Tunau

Ƙidayar da Magajin Gari Barmo ya kai fada ba gaskiya ba ce, kuma a kanta Birnin Dargaza ya fita yaƙi. Iyakar maganar ke nan. Wanda ya ce maka tsafin Gwandamawa ne ya karya rundunar Sarki Tunau, ko ya ce Kaura ne ya cika gaggawa, to kara yake yi wa matattu.

Agana ta shigo birnin ne da bazara, ta Ƙofar Gabas, a jikin wani falke da ya sauka unguwar Majema. Mutanen Dargaza ba sa kama sunanta. Sai dai ka ji an ce wane yana ado, wai idan ka kira ta da sunanta na yanka sai ta waiwayo ta ga mai kiran. Kafin wata ya raba, adon ya tsallaka daga Majema zuwa Marina, ya leƙa Maƙera, aka fara jin kuka ta inda ba a saba ji ba.

Sarki Tunau ya kira Magajin Gari, domin cikin ganuwa a hannunsa yake, unguwa goma sha ɗaya da ƙofa shida. Ya ce, "Magaji, baƙuwa ta shigo mini gari ba sallama. Ina son sanin sawunta. Inda ta kwana, inda ta dosa, mutum nawa ta kayar, nawa ta ɗauka. Kowace Juma'a in an sauko ka zo mini da ƙidaya. Gidan da ke da mai kwance a gitta masa ƙaya a ƙofa, ba shiga ba fita sai ɗibar ruwa, har mai jikin ya tashi."

Barmo ya faɗi ya ce, "An gama, Zaki."

A yi masa adalci, Barmo ba rago ba ne, ba kuma wawa ba. Tun kakan kakansa sarautar Magajin Gari take gidansu, shi kuwa ya fi su duka son a ce ya iya. Ya sa aka kawo manyan ƙorai uku aka jera a zaurensa. Ta farko ya kira ta ƙwaryar kwance, ta biyu ƙwaryar tashi, ta uku ƙwaryar tafiya. Kowace unguwa ya ba ta irin ƙwayarta: Majema 'ya'yan tsamiya, Marina ƙwallon magarya, Maƙera tsakuwa, haka har goma sha ɗaya. Ƙwaya ɗaya, mutum ɗaya. Idan aka juye ƙwarya a kan buzu, ko makahon lissafi ya san unguwar da cutar ta fi ci da wadda ta soma taɓawa.

Ya zaɓi jakadu ashirin da biyu, biyu ga kowace unguwa, su zaga gidajen ƙaya kullum da hantsi. Namiji ba ya shiga gidan wani, sai su tsaya bakin zaure su yi sallama, maigida ya fito ya tsaya daga nesa.

"Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Sai jakada ya dawo ya ɗauke ƙwaya daga ƙwaryar kwance ya jefa ta cikin ta tashi, a je a janye ƙaya. Mamata kuwa sarakunan ƙofa ke ƙirga su, kowace makara da ta fita zuwa maƙabarta ƙwaya ɗaya.

Juma'a ta farko ƙwaryar kwance ce ta fi nauyi. Juma'a ta biyu suka yi kunnen doki da ta tashi. Juma'a ta uku sai da mutum biyu suka kinkimi ƙwaryar tashi, har tana zuba a hanya, ta tafiya kuwa ko rabi ba ta kai ba. Sarki ya yi murna, ya sa aka yafa wa Barmo jar alkyabba a gaban majalisa. Maroƙa suka raka shi har gida suna cewa, "Barmo ɗan Magaji, mai ɗaure ƙafar annoba da igiyar lissafi!" Ya ji daɗin wannan kirari fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji.

Ana cikin haka sai ga manzo daga Dambo, Sarkin Gwandami. Gwandamawa sun daɗe suna hararar Mashayar Kada, wurin da ayarin fatake ke tsallake kogi zuwa Dargaza, kuma ashe sun riga sun kore masu tsaronta sun kafa tutarsu. Manzon ya ƙi shigowa birni. Daga bakin ƙofa ya ajiye wani ɗan faifai a rufe ya ja da baya, ya ce a kai wa Sarki. Aka buɗe a fada, sai ga madubi da tozali da ƙullin lalle.

Sallama, wanda shi ke isar da saƙon baƙi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ya ce in faɗa yadda aka faɗa masa. Wai sun ji Dargaza tana ado, ga gudummawarsu. Mashaya kuwa sun riƙe maka, har amarya ta gama shiri."

Sarki ya daɗe yana kallon madubin, sa'an nan ya ce, "Gobe da hantsi kowa ya hallara."

Washegari Barmo yana zaure yana gyara naɗin rawani, sai ga gwaggonsa Shekara ta shigo ba sallama, tana dogara sanda. Ƙanwar mahaifinsa ce, tsohuwa ce tukuf, kuma shekara talatin tana wanke gawar mata da yara don neman lada. Ta dubi ƙoran nan uku ta taɓe baki.

"Wannan ce ƙwaryar da aka ba ka alkyabba a kanta?"

"Ita ce, Gwaggo. Ina kwana? Fada za ni."

"Ka bar kwanan nan tukun." Ta kwance wata igiyar rama daga ƙugunta ta jefa masa a cinya. Igiyar duk ƙulli ce, tun daga wannan baki har wancan. "Ƙirga."

Ya ƙirga. Ɗari da arba'in da shida.

Ta ce, "Waɗanda na wanke da hannun nan nawa ke nan tun da adon ya shigo. Ni kaɗai. Mu tara ne masu wanka a birnin nan, ban da na maza. Kai nawa ne a taka ƙwaryar?"

"Ɗari da ashirin," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

"Gari duka?"

"Sarakunan ƙofa suna ƙirga kowace makara, Gwaggo. Ba wadda take wucewa."

"Makara! Yaushe aka fara ɗora yaro a makara? A tabarma ake naɗe shi, uba ya rungume ya fita kamar mai kai saƙo. Manyan ma yanzu a bayan ɗaki ake binne rabinsu, don kar a maido musu da ƙayarka. Ka bar wannan ma. Jakadun nan naka masu manyan riguna, me suke tambaya?"

"Suna tambayar jikin mai jiki."

"A ce musu me?"

Ya yi shiru.

"Ka buɗe baki mana, ai ba surukarka ba ce ni. A ce musu me?"

"A ce da sauƙi."

"To Barmo, tun da uwarka ta haife ka, wa ka taɓa ji an tambaye shi mai jiki ya ce babu sauƙi? Ko mutum yana shure-shuren mutuwa ai da sauƙi ake cewa. Gaisuwa ce, ɗan nan, ba labari ba. Jiya da Liman ya tambaye ka jikin ƙanenka Wada, me ka ce masa?"

Wada yana kwance a can ƙuryar gidan, ƙurajen sun riga sun cinye masa ido ɗaya. Barmo ya tuna bakinsa da ya amsa wa Liman, ko tunani bai yi ba. Ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Mako uku yana tara gaisuwar mutane a ƙwarya yana kai wa Sarki da sunan lissafi. Kuma ba baƙo ne ya yi wannan ba, balle a ce bai san gari ba. Shi ne, ɗan gari, jikan gari.

Gwaggo Shekara ta miƙe da kyar. "Ka kai masa igiyar. Gemu ya fi alkyabba tsada."

Ya cusa igiyar a aljihu ya fita.

A soron farko na fada ya iske Kaura Nomau, shugaban mayaƙan Dargaza, yana jiransa. Kaura mutum ne mai kunne a kowane lungu, kuma ya ga fuskar Barmo. Ya ja shi gefe.

"Magaji, na ji tsohuwa ta yi maka sammako."

"Kaura, ƙidayar nan akwai gyara."

"Gyara? Yau?" Kaura ya yi dariya ta ciki. "Juma'a uku kana rantse wa Sarki. Ga alkyabba a wuyanka, ga mata na waƙarka a bakin turmi. Yanzu ka shiga ka ce masa me? Ka ce Magajin Gari bai san gaisuwar garinsu ba? Galadima yana can ciki, shekara biyar yana nema wa surukinsa rawaninka. Ka ba shi wannan, wallahi ko la'asar ba za ka kai ba."

"Idan mutanen da za ka ɗiba suna ɗauke da ita fa?"

"Iskar daji za ta kore ta. Kwana goma sha biyar nake nema, in karɓo mashaya kafin ruwa ya sauko kogi ya cika. In mun dawo da nasara ka gyara ƙwaryarka a hankali, wa zai tambaya? Ni dai abu ɗaya na sani, Dambo ya aiko wa ubangidanmu lalle."

Majalisa ta cika. Sarki yana kan karaga, madubin nan a ajiye gabansa. Galadima Ɗankaka ne ya fara magana, dattijo mai sanyin murya da ba a taɓa sanin inda ya dosa.

"Allah ya ba ka nasara, zagi ba ya fasa ganuwa. Shekaranjiya da aka buga tambari fatarsa ta tsage. Kukar Ƙofar Gabas ta cika da ungulu har rassanta na lanƙwasa. Gari mai jinya ba ya ɗaura yaƙi. A bar wa Dambo mashaya damina ɗaya, kogi ba ya gudu."

Kaura ya ce, "Ungulu mahauta take bi, Galadima, ba ta san shawarar fada ba. Fatar tambari kuwa ta tsufa ne, kamar wasu. Zaki, in ka haɗiye wannan, baɗi abin da zai aiko maka zane ne da ɗankwali. Ƙauyukan gabas duk sun zuba ido su ga wanda za su bi."

Liman ya ce shi dai ya ga a yi saukar Alƙur'ani a jinkirta. Sarkin Baka ya bi bayan Kaura. Aka yi ta ja, har Sarki ya ɗaga hannu.

"Kun faɗi naku. Amma maganar ba a hannun ɗayanku take ba. Magaji!"

"Zaki."

"Kai na ba amanar sawun baƙuwar nan. In tana nan da ƙarfinta, zan haɗiye lallen Dambo in zauna, ko da za a yi mini waƙa. In ta juya baya, zan fita. Wanne ne?"

Hannun Barmo yana cikin aljihu, yatsunsa a kan ƙullin igiya. Ya ɗaga ido ya ga Galadima na kallonsa, ga surukin nan nasa zaune a bayansa. Ya ga fadawan da suka yi masa guɗar alkyabba. Ya hango kansa yana cewa, gaisuwa na ƙirga, ya ji dariyar da za a yi tun daga nan har jikokinsa. Kalma uku ce kawai ke tsakaninsa da gaskiya, ya kasa ɗaga su.

"Allah ya ja zamaninka," ya ce, "ta juya baya."

Galadima ya ce, "Magaji, ka tabbata?"

"Ƙwarya ba ta ƙarya, Galadima."

Sarki ya ce, "To a buga kugen yaƙi. Amma kada a taɓa gidan da ke da ƙaya. Duk gidan da ba ƙaya, ko wanda aka janye masa, ya ba da namiji ɗaya, mai yawa ya ba da abin da ya samu."

Nan ne Barmo ya gane abin da ya jawo. Gidajen da aka janye wa ƙaya sun fi ɗari huɗu, kuma a majalisar nan shi kaɗai da Kaura suka san abin da ke kwance a cikinsu. Ko a lokacin, da ya buɗe baki da an fasa. Bai buɗe ba.

Ranar Lahadi runduna ta fita, mutum dubu biyu da ɗoriya, yawancinsu dakaru da 'yan baka. Barmo ya tsaya a Ƙofar Gabas kamar yadda sarautarsa ta tanada, yana sa musu albarka. Ya ga wani maƙeri ya wuce idanunsa jajur, yana jan ƙafa. Ya ga wani ya naɗe wuyansa da rawani cikin wannan zafi na bazara. Suna wucewa suna ɗaga masa hannu suna cewa, "Magaji, a yi mana addu'a!" Ya ce Allah ya tsare. Da ya koma gida ya ninke alkyabbar ya sa a ƙasan adaka. Bayan kwana huɗu Wada ya rasu. Jakadu kuwa suka ci gaba da zagaye suna kawo masa sauƙi, shi kuma yana karɓa, don hana su yanzu daidai yake da faɗar dalili.

Kwana goma sha tara ba labari. Rana ta ashirin da azahar masu tsaron ganuwa suka hango mutum ɗaya yana tahowa a ƙasa, yana jan doki. Ya tsaya nesa da ƙofa ya ƙi matsowa, ya ce a kira Sarki. Gajere ne, barden Kaura. Sarki ya hau kan ganuwa da majalisarsa, Barmo a cikinsu. Da Gajere ya yaye mayafinsa sai aka ga fuskar duk ƙuraje, ba wurin sa tsinke.

Ya ɗaga murya ya ce, "Zaki, ba zan shigo ba. Ka ji daga nan. Mun isa kusa da mashaya ran kwana shida muka yi sansani, muna jiran 'yan leƙen asiri. Tun a hanya wasu ke rawar ɗari, suna ɓoyewa, don kar a ce tsoro ne. A bukka ɗaya mutum goma ke kwana, a ƙwarya ɗaya muke sha. Kaura yana zagawa da safe yana tambayar jarumawa, kowa ya ce masa da sauƙi. Ran kwana goma sha biyu rabin sansani ba ya iya tashi.

"Gwandamawa suka ga hayaƙin girkinmu ya ragu, suka tsallako da asuba. Kaura ya ce a tayar da duk mai iya tsayuwa. Zaki, na ga Sarkin Baka ya ja tsarkiya, fatar yatsunsa ta biyo ta. Kibanmu a gabanmu suke faɗuwa, ko rabin fili ba sa kaiwa. Dakaru suka yi sahu, wani yana jingine da wani, garkuwa ta fi ƙarfin mai ita. Duk da haka sun tsaya, wallahi sun tsaya. Sau biyu muna mayar da su cikin ruwa. A na uku sahu ya karye daga hagu. Kaura ya shiga da mu talatin don ya toshe, aka soke dokinsa, ya tashi a ƙasa yana sara har mashi uku suka haɗu a kansa."

Gajere ya jingina da dokinsa ya ci gaba.

"Sai suka shiga sansani. Da suka ɗaga bukkoki suka ga abin da ke ciki, sai suka ja da baya suna toshe hanci. Ba su bi mu ba. Ba su kama bawa ko ɗaya ba. Zaki, ko ganima ba su taɓa ba, takubbanmu na nan zube. Wani daga cikinsu ya tsaya a kan tudu ya ce, ku gaya wa Tunau mun ga adon, ya yi kyau. Waɗanda suka rage suna nan tafe, ba su kai dubu ba, kuma kullum ana barin wasu a gindin itace."

Sarki ya sa a kai wa Gajere ruwa da abinci a ajiye masa daga nesa, a kafa wa masu dawowa bukkoki a bayan ganuwa. Ya sauko ya nufi fada a ƙasa, majalisa na biye.

Da aka zauna Galadima ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Gidajen da aka ce sun tashi, ashe ba su tashi ba. Wani ya yi ƙarya. Magaji dai abin da aka kawo masa ya ƙirga, ba za a ce shi ba." Ya ɗan yi shiru, don a ji daɗin adalcinsa. "Jakadun nan ashirin da biyu su ne idonsa. Ko an toshe su ne, ko ba sa zuwa. A kawo su."

Dogarai suka shigo da su a ɗaure, suka gurfanar. Talakawa ne, wasu ma dattawa, ba wanda ya san laifinsa. Babbansu yana ta rantsuwa yana cewa, "Abin da aka ce mana shi muka kai, Zaki, ko gida ɗaya ba mu tsallake ba." Sarki ya dubi Sarkin Dogarai, kowa ya san abin da wannan kallo ke nufi.

Kaura ya mutu da sirrin. Gwaggo Shekara ba za ta taɓa tona ɗan ɗan'uwanta ba. Da Barmo ya ƙara yin shiru sau ɗaya, da ya mutu yana Magajin Gari. Sai ya ga kansa ya miƙe, ya zo tsakiya, ya durƙusa a gaban jakadun. Ya ciro igiyar ya shimfiɗa a ƙasa.

"Zaki, a kwance su. Ni na ce su tambayi mai jiki, suka tambaya. Aka gaishe su, ni na mayar da gaisuwa lissafi. Wannan wauta ce, da a nan ta tsaya da da sauƙin ɗauka. Amma ranar da ka tambaye ni a kan wannan shimfiɗa, na sani. Igiyar nan tana aljihuna. Ƙulli ɗari da arba'in da shida, hannun mace ɗaya. Na ji kunyar a yi mini dariya, na ce maka ta juya baya."

Wani bafade ya yi salati. Galadima kansa ya kawar da kai, abin ya wuce yadda ya so.

Sarki ya ce, "Ka sani."

"Na sani, Zaki."

"Da na ce a ɗebi gidajen da aka janye wa ƙaya, ka sani."

"Na sani."

Da Sarki ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba.

"A kwance mutanen nan. Daga yau tsofaffin mata masu wanka su za su shiga gida-gida su gani da ido, abin da suka gani shi ne ƙidaya. Ni ma da nawa laifin, na so in ji abin da ka faɗa, shi ya sa ban tona ba. Wannan tsakanina da Allah. Kai kuwa Barmo, ba zan kashe ka ba. Mutuwa ta yi araha a garin nan bana, ba ta isa hukunci ba. Sallama, cire masa rawani. Cire hular ma. Duk gidan da ya ba da namiji bai dawo ba, ba sankira zai sanar ba, ba mai unguwa ba. Kai za ka je, ba takalmi, ka yi sallama, ka faɗi sunan mamacin, ka faɗi wanda ya jawo. Gida-gida, har ka gama."

Gida ɗari bakwai da goma sha huɗu ne. Ya fara washegari daga Majema, dogari ɗaya na bin sa daga nesa. Ya yi zaton za a jefe shi, har ya so a jefe shi. Ba wanda ya jefe shi. Sai a saurare shi har ya gama, a yi salati, kuka ya tashi daga cikin gida, maigida kuma ya ce, "Sannu da zuwa, Magaji, an gode," wani har ya miƙo masa ruwa. Ba a daina kiransa Magaji ba, wannan ma wani dukan ne.

A Maƙera ya isa gidan wani tsoho makaho, Mantau, wanda ya ba da 'ya'ya uku. Tsohon yana zaune bakin maƙerar da ta mutu, ba wuta ba zuga. Barmo ya tsuguna ya ce, "Baba, ni ne Barmo. Na zo da maganar Sambo, babban ɗanka. Ya rasu a mashaya. Ni na jawo, na yi wa Sarki ƙarya. Sa'an nan kuma..."

Tsoho ya ɗaga hannu. "Tsaya nan. Guda nawa ka kawo?"

Barmo ya kasa amsawa.

"To na ji. Ka bar ni da Sambo yau. Tsoho ba ya haɗiyar loma biyu. In da saura ka dawo gobe."

Ya dawo washegari ya faɗi Korau, ɗan na biyu. Tsoho ya kaɗa kai ya ce, "Gobe." Rana ta uku ya tarar an share ƙofar gida an shimfiɗa masa tabarma. Ya ƙi hawa, ya tsuguna a ƙasa. Bakinsa ya ƙi buɗuwa, sai tsohon ne ya taimake shi.

"Auta ne ko?"

"Auta ne, Baba."

"Shi ke ja na zuwa masallaci." Tsoho ya lalubo sandarsa. "Tashi ka tafi, rana na yi, kana da sauran gidaje."

Kwana hamsin da uku ya yi kafin ya gama. Mashayar Kada ta zauna hannun Gwandamawa, ƙauyukan gabas suka bi Dambo. Aka naɗa surukin Galadima Magajin Gari, sarautar da ta yi zuriya biyar a gida ɗaya ta fita ba ta komo ba. 'Ya'yan Barmo maza suka bar birnin da kaka, suka sauka inda ba a san sunan ubansu ba. Shi ya zauna. Ya ƙara shekara shida a duniya, bai sake sa hula ba, kuma in ya zo masallaci a waje yake tsayawa, bayan sahun ƙarshe, wurin da ake ajiye takalma.